Ƙarar tayar gaba a tsohuwar Hilux: a bincika kafin a sayi kaya

Ƴan uwa masu tsohuwar Hilux, musamman masu shiga yashin ƙauyukan Dakoro, kada ku yi saurin sayen rulma (ƙarfen da taya ke juyawa a kansa, wato boris) don taya ta yi ƙara.

Fara da makullin tsakiyar tayoyin gaba. Mayar da duka biyun kan FREE, giya a 2H (tayoyin baya kaɗai ke jan motar), ka hau kwalta. In ƙarar ta ɗauke, wataƙila matsalar tana wajen kardan (sandar da ke kai ƙarfin inji ga tayar gaba). Leƙa robarsa: in ta yage, yashi ya shiga ya cinye giris, shi ne "ƙas-ƙas" ɗin da ake ji wajen shan kwana.

In gurnani ne mai ƙaruwa da gudu, karkata sitiyari kaɗan hagu kana gudun kilomita 50 a awa. Nauyi zai koma dama, in gurnanin ya ƙaru, rulmar dama ce. Amma taya mai cin gefe ita ma tana yin haka, don haka a musanya ta da ta baya tukuna.

Sai a ɗaga motar da jak, a sa waigi. Kama tayar sama da ƙasa ka girgiza, wani ya taka birki. Motsin ya tsaya? Rulma ce. Bai tsaya ba, duba rotil (gaɓa mai ƙwallo da ke riƙe da ƙafar tayar).

Rulmar waɗannan motoci ana kwance ta, a wanke, a cika giris, a sa sabon sil (robar da ke hana giris fita). Kuskuren yaran gareji shi ne ɗaure notin rulmar tamau. Rulmar sai ta yi zafi ta ƙone. A ɗaure, a sassauta kaɗan har tayar ta juya ba tare da girgiza ba.