Yadda Za a Nuna wa Ɗalibai Matakan Ginin Jiki da Kayan Cikin Rago

Ɗalibai da yawa suna iya jero matakan ginin jiki da ka: ƙwayar halitta, tishu (tarin ƙwayoyi masu aiki ɗaya), gaɓa, tsarin gaɓoɓi, sai jiki gaba ɗaya. Amma a miƙa musu zuciyar rago a ce su nuna tishu iri uku a cikinta, sai aji ya yi tsit. Darasin nan na kamar awa biyu ne, kuma yana sa su taɓa kowane mataki da hannunsu.

A je wurin mahauci da sassafe, kafin ya fara yanka kayan ciki. A ce ya ciro maƙogwaro da huhu da zuciya a haɗe, kada ya raba su, kada kuma ya tsaga zuciyar. A ƙara ɗan yankin hanta. Sauran kayan aiki su ne madubin likita, gilasan silaid da murafensu, shuɗin metilin (rinin da ke sa a ga ƙwaya sosai), tsinken auduga na goge kunne, reza ko almakashi, famfon keke, babbar leda mai haske, safar hannu, da kofin ruwan bilic.

A fara da ƙwaya. Ɗalibi ya goga tsinken auduga a cikin kumatunsa a hankali, ya shafa a tsakiyar silaid, ya jefa tsinken cikin bilic nan take. A ɗiga shuɗin metilin ɗigo ɗaya, a jira kamar minti ɗaya, sannan a jingina murfin a gefen ɗigon a karkace, a sauke shi sannu a hankali. Idan aka sake shi a kwance, iska za ta maƙale, a ga da'irori masu baƙin baki, kuma su ne ɗalibai suka fi zanawa da sunan ƙwaya. A soma dubawa a madubin da ƙaramin ƙarfi, mai ƙara girma sau 40, a koma sau 100, kana sau 400. Ƙwayar kumatu falle ce, faɗinta kusan milimita 0.06, da cibiya mai duhun shuɗi a tsakiya. In komai ya yi shuɗi ƙirin, rinin ya yi yawa: a sa takarda a gefen murfin ta tsotse. In an ga ƙwayoyi sun hau juna, shafin ya yi kauri, a sake. Kada a huda yatsan kowa don a ga jini, a nemi silaid da aka riga aka haɗa.

Tishu tarin ƙwayoyi ne masu aiki ɗaya, kuma iri huɗu ne: mai shimfiɗa da rufewa, mai haɗawa da tallafi, tsoka, da jijiyoyin saƙo. A nan ya kamata a daɗe, domin a nan ake yawan ruɗewa. A matsa gefunan zuciyar biyu da yatsu: na hagu ya fi tauri, na dama ya fi laushi. A tsaga kowanne daga sama zuwa ƙasa. Kowane gefe yana da ɗaki a sama da ɗaki a ƙasa. Bangon ɗakin ƙasa na hagu ya kai kusan ninki uku na na dama a kauri, saboda shi yake tura jini duk jiki, na dama kuwa huhu kawai yake kaiwa. Wannan bangon tsoka ne. Fararen zaruruwan da suke riƙe da marufan da ke hana jini komawa baya tishu mai haɗawa ne, haka ma kitsen da ke sama. Santsin da yatsa ke ji a cikin ɗakunan shi ne mai shimfiɗa. Jijiyoyin saƙo ba sa ganuwa da sauƙi, a dai faɗa musu suna nan. Da wannan ɗalibi zai gane cewa gaɓa ba tishu ɗaya ba ce. A gyara musu kuskure biyu tun yanzu: jini tishu ne mai haɗawa, fata kuma gaɓa ce, ita ce ma mafi girma.

Don nuna tsarin gaɓoɓi, a yi wannan kafin a cire zuciyar. A taɓa zobban guringuntsi na maƙogwaro, a lura ba su zagaye ba, a buɗe suke ta baya inda hanyar abinci take. A sa huhun cikin leda, a cusa bututun famfo a maƙogwaro, a ɗaure, a hura. Kada a hura da baki ko kaɗan. Huhun zai kumbura, launinsa ya yi haske. In ya ƙi, wuƙar mahauci ta taɓa shi, a nemi wurin a matse. Sai a yanki ɗan huhu da ɗan hanta a jefa cikin ruwa: huhu zai taso, hanta ta nutse. A bi manyan jijiyoyin jini daga zuciya zuwa huhu da yatsa, a ga inda tsarin numfashi da na zagayen jini suka haɗu.

Matakin da ke ƙasa da ƙwaya, wato na sinadarai, madubin makaranta ba ya nuna shi, don haka a yi amfani da ciwon sikila, wanda ɗalibanmu suka sani. Sauyin amino asid (tubalin ginin furotin) guda ɗaya a cikin haimogulobin, wato furotin da ke ɗaukar iskar oksijin a jini, yana sa jan ƙwayar jini ta lanƙwashe kamar lauje idan iskar oksijin ta yi ƙaranci. Ƙwayar da ya kamata ta kai kwana 120 sai ta mutu cikin kwana 10 zuwa 20, jini ya ragu, ƙananan jijiyoyi su toshe, saifa da ƙashi su cutu, mutum ya kwanta da ciwo. A sa kowane ɗalibi ya rubuta matakin da kowane ɗayan waɗannan ya faɗa.

Bayan an gama, a jiƙa silaid da reza a bilic, a goge tebur, a wanke hannu da sabulu. Naman da aka yi darasi da shi a binne shi, ba na ci ba ne.