Yadda Ake Haɗa Wa Mota Bututun Shaƙar Iska Mai Sanyi da Kuɗi Kaɗan

Injin fetur ya fi cin iska a kan mai. Kafin kilo 1 na fetur ya ƙone sarai, sai ya haɗu da kusan kilo 14.7 na iska. Ita kuwa iska, da ta ɗauki zafi sai ta yi sako-sako: wadda ta kai digiri 60 a ma'aunin Selshiyos ta gaza ta digiri 30 nauyi da kusan kashi 9 cikin 100, alhali silinda ɗin bai ƙara girma ba. Saboda haka aikin nan manufarsa ɗaya ce, a sa injin ya ja iskar waje maimakon wadda lagireto da salansa suka gasa a ƙarƙashin bonet.

Kada ka sa ran motar za ta zama wata daban. A injin da ba shi da tabo (turbo, na'urar da ke tura wa injin ƙarin iska), abin da za ka samu ɗan ƙarin ƙarfi ne, saurin amsa totur, da gurnani mai daɗin ji. Amma wanda ya cire akwatin eya kilina ya maƙala filta mai siffar mazurari a kusa da injin, ba tare da katangar da za ta kare ta daga zafi ba, ya yi baya ne ba gaba ba. Iska mai zafi ya ba injin.

Fara da awo. Auna faɗin bakin totur, wato inda tiyon iska yake shiga injin, ka nemi bututu daidai da shi ko wanda ya ɗara shi kaɗan. Ƙananan injuna galibi inci 2.5 ke yi musu, waɗanda suka kai lita 2 zuwa sama kuma inci 3. Bututun da ya yi faɗi da yawa yana rage gudun iskar, sai motar ta yi nauyin tashi daga tsaye.

Za ka nemi bututun alminiyam miƙaƙƙe kamar rabin mita zuwa mita 1, gwiwa ɗaya ko biyu ta digiri 45, mahaɗin roba na silikon guda uku ko huɗu, kilif biyu ga kowane mahaɗi, filta mai siffar mazurari, da fallen alminiyam mai kaurin milimita 1 don katanga. Sai zarto, sanfefa, sukurdireba da sifana. Gwiwar digiri 45 ta fi ta 90 sakin iska, don haka rage lanƙwasa iya yadda za ka iya.

Bututun ruwa na PVC yana jan hankali saboda arha, amma ba wurinsa ba ne. Ba a yi shi don zafin da ya wuce digiri 60 ba, ɗakin injin kuwa yakan wuce haka a cunkoso. Zai yi laushi, kilif ya saki, ƙura ta riƙa shiga ba ka sani ba. Idan dole sai roba, ta ABS ta fi jure zafi, kuma a nesanta ta da salansa.

Inda aka fi ɓata aikin shi ne wajen sensa. Duba tsakanin akwatin filta da totur: idan ka ga wata 'yar na'ura da wayoyi, ita ce MAF, mai auna yawan iskar da ke wucewa ta gaya wa ƙwaƙwalwar mota yawan man da za ta fesa. An saita ta ne bisa faɗin gidanta na asali. Da ka dasa ta cikin bututu mafi faɗi, iskar za ta wuce ta a hankali, sai ta ce iskar kaɗan ce, ƙwaƙwalwa ta rage mai, injin ya riƙa ƙonewa da ƙarancin fetur. Alamunsa su ne karkarwa a tsaye, shaƙewa in an taka totur, fitilar injin ta kunna, na'urar bincike ta nuna lambar matsala P0171 ko P0101. Maganin mai sauƙi ne: bar sensar cikin gidanta na asali, ka haɗa sabon bututu a gabansa da bayansa. Kibiyar da ke jikinta ta fuskanci injin, kuma a bar miƙaƙƙen bututu na santimita 10 ko fiye kafin ita, domin iskar da ta fito daga gwiwa a hargitse take. Motar da ke aiki da sensar MAP, mai auna matsin iska maimakon yawanta, ba ta da wannan wahalar, sai dai kada ka manta da 'yar sensar auna zafin iska, a huda mata gurbi a sa mata zoben roba.

To, jira injin ya huce, cire wayar batir ta negatif, ɗauki hoton yadda komai yake, sannan ka kwance akwati da tiyonsa. Toshe bakin totur da tsumma mai tsabta. Jera bututun a wurin ba tare da ɗaurewa ba, ka rufe bonet a hankali ka ga ko yana taɓawa, kana ka yi alama ka yanka. Goge bakin yankan da sanfefa, wanke bututun, ka bari ya bushe. Ɗan burbushin alminiyam da ya rage a ciki, silinda zai faɗa.

Akwai siririn tiyo da ke fitowa daga murfin saman injin ya shiga tiyon iska, yana fitar da tururin mai. Dole a yi masa mahaɗi a sabon bututun, tsakanin MAF da totur kamar yadda yake tun asali. In ka bar shi a buɗe, iskar da ba a auna ba za ta shiga. Ka tuna kuma injin yana motsi a kan kujerunsa: ɗaure bututun da ƙarfe ɗaya a jikin mota kusa da filta, ka bar mahaɗin silikon ya sha jijjigar. Wanda aka ɗaure ƙam ta kowane ɓangare, tsagewa yake yi.

Mazaunin filta shi ne bayan fitilar gaba ko cikin fenda. Can ƙasa bayan bamba ya fi sanyi, amma haɗarinsa babba ne. Ruwa ba ya matsuwa. Idan filta ta nutse a kududdufi, fiston zai daki ruwa, konrod, wato sandar da ke riƙe da fiston, ya lanƙwashe, injin ya tafi a daƙiƙa ɗaya. A ganina kada filta ta sauka ƙasa da saman taya, ko da za a rasa ɗan sanyi. Yanka kwali ka gwada siffar katangar, ka kwafa a fallen alminiyam, ka sa roba a gefensa na sama yadda zai manne da bonet, sannan ka jawo iska daga bayan bamba da tiyo mai lanƙwasuwa zuwa cikin wannan ɗakin. Filta busasshiya ta fi zama lafiya. Mai shan mai, in aka cika mata, man yana naɗe wayar MAF.

Cire tsumman kafin ka haɗa bututun da bakin totur, mayar da batir, tayar da injin ya yi minti goma a tsaye. Saurari shewa a mahaɗai, ita ce alamar yoyo. Da ƙaramar na'urar OBD2, wadda ake jonawa a mota don karanta bayanan ƙwaƙwalwarta, duba zafin iskar shiga yayin tafiya: ya kamata ya kusanci na waje. Gyaran man da ƙwaƙwalwa ke yi kada ya wuce kashi 10 cikin 100, sama ko ƙasa. Bayan 'yan kwanaki sake ɗaure kowane kilif, domin silikon yana zama bayan ya sha zafi, kuma ka ajiye tsohon akwatin, wata rana za ka neme shi.