Yadda ake zaɓen tsirrai masu gajeriyar saiwa da ke daɗewa a lambu

Kafin ka sayi ko da tsiro ɗaya, auna zurfin ƙasarka. Soka rodi a wurare huɗu ko biyar har ya ci karo da dutse, kankare ko saiwar bishiya. Idan bai wuce santimita 30 ba, manta da masu saiwa ɗaya mai nitsewa kamar ta karas. Ko furen wardi ma takura zai yi.

Sai gwajin ruwa. Haƙa rami, cika shi, bar shi ya tsotse, ka sake cikawa. In ruwan ya kwana, wurin na riƙe ruwa, kuma a nan aka fi yin asara, domin ƙasa marar zurfi ba ta da inda za ta tura rarar ruwa, sai saiwa ta ruɓe. Ɗaga kunya da santimita 10 zuwa 15, ka gauraya ruɓaɓɓen taki da rairayi mai tsakuwa.

Yanzu daidaita tsiro da wuri. Inda rana ke duka, ƙasa na saurin bushewa, sa sedum (ɗan gajeren tsiro mai kaurin ganye da ke adana ruwa), thyme (ganyen ƙamshi da ake sawa a girki) ko aloe vera. Sedum kan wadatu da santimita 10 zuwa 15. Inda akwai laima da ɗan inuwa, na'a-na'a ce, amma a tukunya za ka dasa ta, in ba haka ba jijiyoyinta za su bi ƙarƙashin ƙasa su mamaye ko'ina. Strawberry na son rana da danshi, sai dai bayan shekara 3 ko 4 'ya'yan da yake bayarwa kan ragu, a sabunta.

Wajen saye, zare tsiron daga leda ka duba. Fararen saiwoyi sirara masu yawa kamar gemu ake so. Baƙaƙe masu wari, ko waɗanda suka nannaɗe kamar gammo, bar su.

Bayan dashe, shimfiɗa busasshiyar ciyawa mai kaurin santimita 5, kada ta taɓa gindin tsiron. Sedum da aloe kuwa tsakuwa suka fi so. Tura yatsa cikin ƙasa, in santimita 3 na sama ya bushe, ka yi ban ruwa. Cire ciyawar da ta tsiro da hannu, don fartanya saiwar take yankewa.