Girkin gida ba nama ba kifi a Nima, da sauri kuma yara su cinye tas

Assalamu alaikum 'yan uwa mata. Duk wadda take shiga kasuwar Nima ko Madina ko Malam Atta a nan Accra kwanakin nan ta san yadda sidi yake ƙarewa a hannu tun kafin kwando ya cika, kuma in kika zauna kika yi lissafi za ki ga wajen mai nama da mai kifi ne kuɗin ya fi tafiya. Wasu kuma ba kuɗi ba ne matsalarsu, likita ne ya ce Alhaji ko tsohuwa su rage nama saboda hawan jini, wata kuma 'yarta ce ta dawo daga jami'a ta ce ita yanzu ba ta cin duk abin da ya fito daga jikin dabba, ba nama ba kifi ba ƙwai ba madara, uwa ta rasa me za ta ɗora. Nama dai halal ne ba wanda ya haramta mana shi, ranar Layya kowa zai ci abinsa, maganar a nan ita ce yadda za ki ciyar da gida da tsiro zalla a ranakun da kika ga dama, cikin minti 30 ko ƙasa da haka, ba tare da an tashi daga kwano ana ɓata rai ba.

Ai mu 'yan zango mun fi kowa sa'a a wannan fannin. Waakye shinkafa ce da wake da karan dafi. Koko da ƙosai gero ne da wake. Tubani garin wake ne, aboboi gurjiya ce, wasawasa garin doya ne, tuwon zafi da ayoyo masara ce da ganye. Abin da muka saba ɗorawa a kai ne kawai na dabba, ganda da ƙwai da kifi. Toh abu biyu ne suke kayar da mutane in sun cire su, ɗanɗano da lokaci.

Na ɗanɗano shi ne babba don haka da shi zan fara. Abin da kifaye irin su momoni da koobi da garin amane suke yi a miya shi ne su ba ta wannan nauyin da harshe yake nema, in kika cire su ba ki maye gurbinsu da komai ba wallahi miyar salam za ta fito ko kin zuba dunƙule goma. Dawadawa ce maganin wannan na farko. Ki nemi mai kyau wajen matan da suke kawo kaya daga arewa, Tamale ko Bolga ko Wa, ki ɗan gasa ta sama-sama a kasko babu mai har ƙamshin ya canza, sannan ki daka. Gasawar tana rage warin nan da yara suke gudu. Kuma kar ki jefa ta a ƙarshe cikin ruwa, ki sa ta cikin mai tare da albasa tun farkon suya. Na biyu naman kaza, irin wanda ake nomawa ana sayarwa a leda, ki yayyaga shi ki shanya ya bushe ƙayau ki daka, cokali ɗaya a miyar gyaɗa yana aiki sosai. Wanda yara suka tsinto a jeji lokacin damina kuwa ki bar shi in ba kin san shi sarai ba, akwai masu dafi da suke kisa. Na uku albasa, ki daina yi mata gaggawa, ki bar ta ta soyu a wuta kaɗan har ta yi ja.

Sai shito, soyayyen yajin nan mai duhu, nan ne mutane da yawa suke shan mamaki, domin shiton da ake sayarwa a kwalba kusan duk da busasshen kifi da jatan lande ake yin shi. Naki na gida ba wuya. Ki niƙa albasa manya guda 4 da citta da tafarnuwa, ki zuba a mai ki yi ta juyawa har ruwan ya ƙone, ki sa tumatirin gwangwani ƙarami, bayan kamar minti 10 ki zuba garin busasshen barkono da dakakkiyar dawadawa cokali 2 da garin naman kaza da garin ƙuliƙuli kaɗan da gishiri. Ki rage wuta ki ci gaba da juyawa har ya yi duhu mai ya taso sama, zai ɗauke ki kusan awa ɗaya amma zai yi miki makonni in dai mai ya rufe samansa kuma ba a sa jiƙaƙƙen cokali a ciki. Wannan kwalbar ita ce za ta cece ki ranar da kika dawo a gajiye daga cunkoson Circle, farar shinkafa da wake da shito da ɗan kabeji an gama magana.

Maganar lokaci kuma ranar Asabar ko Lahadi ake gyara ta. Ki jiƙa wake rabin gwangwanin awo na olonka da dare, da safe ki zubar da ruwan jiƙon ki dafa da sabon ruwa, jiƙawar tana rage lokacin dahuwa da gas ɗin da za ki ƙona kuma tana rage kumburin ciki. In ya huce ki kasa shi a robobi daidai cin rana ɗaya ɗaya. A firij zai yi kwana 3 zuwa 4, wanda ya wuce haka sai firiza. A ranar dai ki niƙa tumatir da albasa da barkonon kpakpo shito da citta da tafarnuwa da yawa ki tafasa har ya kafe, shi ma ki kasa. Sai dai fa ki yi la'akari da dumsor, wato ɗaukewar wutar lantarki, in wuta ta daɗe ba ta dawo ba kika ga abu ya narke ya fara kumfa ko tsami ki zubar kawai, asibiti ya fi wake tsada.

In kina da waɗannan biyun, red red, wato wake da manja da soyayyen filanten, minti 15 ne. Manja a tukunya, albasa, dawadawa, ludayi biyu na tafasasshen kayan miya, ki juye waken ki ɗan farfasa wasu da bayan ludayi don ya yi kauri, gefe guda kina soya nunannen filanten. A barbaɗa garin rogo a kai, in lokacin paya ne, wato afokado, a yanka.

Wadda na fi so a koya da kyau ita ce miyar kontomire, wato ganyen gwaza, da agushi, don ita ce take rufe bakin masu cewa abinci ba nama ba abinci ba ne. Ki wanke ganyen ki cire jijiyar ki yanka, ki tafasa shi daban kamar minti 8 zuwa 10, kar ki yi wasa da wannan domin ganyen gwaza in bai dahu ba yana ƙaiƙayi a maƙogwaro, yaro in ya ji sau ɗaya ya daina ci ke nan. A wata tukunyar ki sa manja kar ki bari ya yi hayaƙi ya yi fari, jan nan nasa shi ne jiki yake mayarwa bitamin A. Albasa da dawadawa, sai kayan miya. Yanzu ki dama niƙaƙƙen agushi cike da gwangwanin madara da ruwa kaɗan da gishiri ya yi kauri, ki riƙa ɗiba da cokali kina ajiyewa a kan miyar, ki rufe ki rage wuta, kar ki taɓa shi minti 7. Don Allah kar ki juya. Rashin juyawar ne yake sa ya dunƙule kamar ƙwai, in kika juya da wuri sai ya baje ya zama kunu. Bayan nan ki zuba ganyen ki juya a hankali, minti 5 ki sauke. Da dafaffiyar doya ko ɗanyen filanten ko shinkafa duk tana tafiya.

Ayoyo kuwa ba ta fi minti 10 ba. Ruwa kaɗan ya tafasa, kanwa 'yar mitsitsiya, ki zuba yankakken ganyen ki bar tukunya a buɗe, dawadawa da gishiri, ki burge. Na ce 'yar mitsitsiya da gangan, wasunmu suna zuba kanwa a wake da ganye da kuɓewa kamar ba gobe don ya yi saurin laushi, alhali yawanta yana kashe wasu bitamin ɗin kuma yana ɓata ciki. Miyar gyaɗa ma haka, tunkuzar gyaɗa ki dama da ruwa ki dafa har mai ya fito, ki ƙara kayan miya da gauta da kuɓewa da naman kaza, ki sa ɓallin prekese ya tafasa a ciki, a ci da tuwon shinkafa ranar Lahadi. In ana son abin taunawa a soya awara a jefa a ƙarshe.

Na safe ba sai na tsaya dogon bayani ba. Koko da ƙosai, ko tom brown da kika haɗa da kanki, gasasshiyar masara da gero da waken suya da gyaɗa a kai injin niƙa sau ɗaya a ajiye a gwangwani mai murfi. Kafin ki kai niƙa ki baza gyaɗar da masarar a faifai ki tsince duk wadda ta yi fumfuna ko ta motse ko ta canza launi, akwai guba da ake kira aflatoksin a irin waɗannan, tana lalata hanta kuma dahuwa ba ta kashe ta.

Yanzu sai maganar lafiya, kuma a nan zan faɗi abin da masu tallan cin ganye a Facebook da TikTok ba sa son faɗa. Akwai bitamin B12, ba a samun shi yadda za a dogara a tsiro, ba a zogale ba a dawadawa ba a waken suya. Wanda yake cin nama ko kifi ko ƙwai wasu ranaku ba shi da damuwa sosai, amma wanda ya bari gaba ɗaya dole ya riƙa shan ƙwayar B12, ana samu a kantin magani. Hanta tana ajiye shi shi ya sa mutum zai iya shekaru bai ji komai ba, sai daga baya kasala da ƙarancin jini da jin ƙafa da hannu suna mutuwa su bayyana. Mai ciki da mai shayarwa da ƙananan yara, a ganina kar a cire musu ƙwai da kifi kwata-kwata sai an zauna da ma'aikatan lafiya, in kin je awo ki tambayi nas ɗin kai tsaye.

Ƙarin jini kuma akwai sinadarin ƙarfe a wake da ganye da agushi, sai dai jiki ba ya jan na tsiro da sauƙi kamar na nama. Dabarar ita ce a haɗa da abu mai bitamin C a cin nan ɗaya, lemu ko abarba ko gwanda bayan abinci, ko ki matsa lemun tsami a kan wake. Shayi kuma yana hana jan ƙarfen, toh a daina kora waakye da shi, a ba da tazarar awa ɗaya ko biyu.

Gishiri, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babba kar ya wuce giram 5 a rana, wato kusan ƙaramin cokalin shayi ɗaya, kuma na cikin dunƙule da burodi da shito duk a cikin lissafin suke. In kina yi ne saboda hawan jinin maigida amma kina jefa dunƙule 4 a tukunya ai ba a yi komai ba. Ki sayi gishiri mai aidin, ki rage a hankali harshe zai saba. Manja kuma ki sayi wajen wadda kika yarda da ita, a 2015 hukumar abinci da magunguna ta Ghana, FDA, ta gano ana zuba wani rini mai suna Sudan IV a manjan da ake sayarwa a kasuwannin Accra don ya ƙara ja, saboda haka jan da ya wuce misali ba alamar kyau ba ce. Latas da kabeji da za a ci ɗanye a wanke ganye ɗai-ɗai da ruwa mai tsabta a jiƙa a ruwan binega, wasu lambunan cikin gari da ruwan kwata ake ba su ruwa.

Sobolo da lamurji ki yi naki a gida don ke ce za ki iya riƙe hannu wajen suga, ɓawon abarba da citta da kanumfari da kimba sun isa su ba shi daɗi. Sobolo yana ɗan sauke jini, amma ba ya maye gurbin maganin asibiti, mai shan ƙwayar hawan jini ya gaya wa likitansa in yana sha kullum, mai ciki kuma ta yi nesa da yawansa. Lokacin hunturu in tari da mura sun kama gida, citta da lemun tsami a ruwan zafi suna sanyaya maƙogwaro, ga man kaɗanya don leɓe da ƙafa masu faso. Jaririn da bai kai wata 6 ba nono kawai, ba ruwa ba jiƙo, zuma kuma ba a ba yaron da bai cika shekara 1 ba.

In yaro yana gudawa kuma babu fakitin ORS, wato garin gishiri da suga na maganin gudawa, a gida, ki tafasa ruwa lita 1 ya huce, ki sa suga ƙaramin cokali 6 shafaffe da gishiri rabin ƙaramin cokali, ki riƙa ba shi kaɗan kaɗan kina shirin kai shi asibiti, a can za su ƙara masa da zinc. Zazzaɓi kuwa kar ki tsaya dafa ganyen nim kina jira ya wuce, a je a yi gwajin maleriya a ranar, ko a asibitin Mamobi ko duk wanda ya fi kusa da ku, ki tafi da katin inshorar lafiya in kina da shi.