Kurakuran da ke cinye hakkin wanda babur ya buge

Kuskuren da ya fi kowanne yawa a Sakkwato, a bakin titi ake yin shi. Ɗan kabu-kabu ya kwashe mutum a Gawon Nama ko Mabera, jama'a ta taru, dattijo ya ce "Malam, ƙaddara ce, a yi haƙuri." Wanda aka buge ya kakkaɓe riga, ya ce ya yafe. Jini na da zafi a lokacin, ciwo bai fito ba. Sai dare ya yi ƙugu ya riƙe, hoto ya nuna tsagewar ƙashi, mai babur kuwa ko lambarsa ba a ɗauka ba. Yafiya abu ne mai lada, amma a yi ta bayan likita ya faɗi girman raunin. Kafin nan a ɗauki hoton lambar babur da wurin, a karɓi lambar wayar shaidu biyu, a sanar da 'yan sanda ko a kira jami'an kiyaye haɗurra a 122.

Daga nan sai saurin zuwa wurin mai ɗori. Ban raina sana'arsu ba, sai dai alƙali da kamfanin inshora takarda suke dubawa. A fara da Asibitin Ƙwararru ko Asibitin Koyarwa na Usmanu Ɗanfodiyo; dokar lafiya ta 2014 ta hana asibiti ƙin karɓar majinyacin gaggawa. A nemi rahoton likita, a adana kowane rasit, har na bandeji. Mai sana'ar hannu ya rubuta kwanakin da ya yi kwance, domin abin da ya rasa na nema yana cikin abin da ake biya.

Masu babur kuma, da yawa inshorar da ke aljihunsu ta bogi ce, an saya don a wuce shinge. Alhali tun Janairun 2023 ta gaskiyar naira 3,000 ce a shekara, tana biyan ɓarnar dukiyar wani har naira miliyan 1, ga kuma rauni ko rasa rai. Danna *565*11# zai nuna ko tana cikin rajista. Wanda ya ba yaro babur yana kawo masa balas, kada ya ɗauka ba ruwansa; ana iya haɗawa da shi a ƙara. Fasinjan da ya hau ba hular kwano shi ma ana iya rage masa diyya.

Inda abin ya fi ci mini rai shi ne in an rasa rai. A zaman makoki kawu ya miƙe ya ce dangi sun yafe. Diyyar kisan kuskure, raƙuma 100 ko dinari 1,000, gado ce ta magada. Baligi na iya yafe rabonsa, amma ba mai ikon yafe rabon maraya. In za a yi sulhu, a yi shi a rubuce gaban alƙali, da adadin kuɗi da ranar biya.

Kada kuma a yi ta jan jiki. In motar gwamnati ce ta yi karon, wa'adin shigar da ƙara na iya zama wata 3 kacal. Wanda ba ya da kuɗin lauya ya nufi ofishin Legal Aid Council, hukumar gwamnati da ke ba marasa hali lauya kyauta, tun ƙafar na cikin filasta.