Kurakuran lissafin mai da ke sauke ƙananan jirage a gona

Yawancin ƙananan jiragen da mai ya yanke musu a sama lafiyar injinsu ƙalau. Matuƙi ne ya yi sakaci tun yana ƙasa, kuma kurakuran ba sa canzawa.

Babban cikinsu shi ne lissafa mai da nisan tafiya. Jirgi da awa yake shan mai, ba ruwansa da mil nawa ka ci. Ɗauki Cessna 172S, tankinta galan 56 ne, 53 ake iya amfani da su, tana shan wajen galan 9 a awa. Ka ɗebi fasinjoji uku, nauyi ya sa ka tsaya a galan 40, wato awa 4 da minti 26. Tafiyar mil 400 na teku a gudun not 110 (not ɗaya shi ne mil ɗaya na teku a awa) awa 3 ce da minti 38, a takarda har da rara. To iska ta taso ta gabanka da not 25, gudunka a ƙasa ya koma 85, tafiya ta zama awa 4 da minti 42. Inji zai yi shiru saura mil ashirin da wani abu ka isa, ban da man da ka ƙona wajen tashi da hawa. Dokar Amurka ta ce a bar ajiyar minti 30 da rana, 45 da dare. Wannan ƙarshen abin da doka ta lamunta ne, mai hankali awa guda yake bari. Kunna agogo da tashin inji, ka rubuta lokacin da dole ka kasance a ƙasa. Idan ya matso, sauka a filin da ya fi kusa ko da fasinja zai ɓata rai. A lokacin hunturu kuwa hazo na iya rufe filin da ka nufa, sai ka ƙara man juyawa zuwa wani.

Na biyu yarda da geji. Haba! Wane ne ya ce maka allurar tsohon jirgi tana faɗin gaskiya? Hau kan fiffike, buɗe murfi, tsoma sandar awo, ka gani da idonka. Mai zuba mai ya ce ya cika, ba hujja ba ce. Ka kuma tabbata murfin ya rufu, don iska na zuƙe mai ta bakin tanki.

Akwai kuma jiragen da ke faɗuwa alhali da sauran mai a ɗaya tankin. Piper Cherokee ba ta shan tanki biyu lokaci guda, hagu ne ko dama. Sauya duk rabin awa, famfon lantarki a kunne, kana kallon allurar ƙarfin mai. Hatsarin da ya kashe mawaƙi John Denver a 1997 ya haɗa da ƙarancin mai da makunnin sauya tanki da ke bayan kafaɗarsa ta hagu. Laluba naka tun kafin ka tashi.

Galan ɗaya na Amurka lita 3.785 ne, kada ka cakuɗa su. Tsiyaye ƙasan kowane tanki a kofi, man jirgi samfurin 100LL shuɗi ne, ruwa yana kwanciya ƙarƙashinsa. Lissafin shan mai da ke littafin jirgi na wanda ya rage mai da jan maɓalli ne, wato maɓalli mai launin ja da ke daidaita yawan man da ke haɗuwa da iska a inji, bayan ya daidaita a sama.

Idan inji ya mutu, fara da daidaita hanci har gudu ya tsaya a not 68 a 172S. Kowace ƙafa 1,000 za ta ba ka kusan mil ɗaya da rabi. Zaɓi fili, ka fuskanci iska, sannan ka sauya tanki, kunna famfo, tura jan maɓalli ciki. Bai tashi ba, kira 121.5, tashar rediyon neman agaji, saka 7700, lambar gaggawa, a na'urar da ke nuna jirginka a rada. Dab da ƙasa rufe mai, kashe wuta, sassauta ƙofa. Kada ka ja hanci sama don ka kai wani fili mai kyau da ke can gaba, nan ne jirgi ke rasa gudu ya rikito. Gonar da ke ƙarƙashinka ta isa, ka bi tsawon kunya, kada ka gitta ta.