Farin Ɓawon Tayil a Wurin Ninkaya: Kurakuran da Aka Fi Yi

Farin ɓawon nan da ke kewaye tayil daidai inda ruwa ya tsaya, kalsiyam ne da ya daskare. Ruwan rijiyar burtsatse kan zo da shi, rana ta ƙafar da ruwan, shi kuma ya manne. Iri biyu ne, amma sabon hannu ba ya tsayawa ya bambance. Ɗiga ɗigo ɗaya na asid ɗin muriyatik (asid mai ƙarfi da ake wanke irin wannan ɓawo da shi) a kai. In ya yi kumfa, kabonet ne, mai sauƙin fita. In ya yi shiru, kuma launinsa ya ja toka-toka, silikat ne, sai gurza da haƙuri.

Babbar ɓarna ita ce asid, kuma a nan raina ke ɓaci. Mutum ya ɗauko galan ya kwarara shi tsurarsa a bango da tsakar rana, wai don aiki ya yi sauri. Ɓawon zai fita, amma simintin da ke tsakanin tayil ya zagwanye, ya koma kamar gari in ka sa farce. Ruwa ya samu hanya ta baya, wata rana ka ƙwanƙwasa tayil ka ji yana amo kamar ganga. Wasu har ruwan batir suke sa wa, alhali shi yakan mayar da kalsiyam ɗin wani gishiri mai wuyar narkewa. Haba jama'a!

Ni dai kashi ɗaya na asid nake sa wa cikin kashi 10 na ruwa. Asid ake zubawa cikin ruwa, ba ruwa cikin asid ba, don kada ya fantsamo maka a fuska. Rage ruwan wurin ya sauka kamar santimita 15 ƙasa da ɓawon, jiƙa bangon, shafa a faɗin taku ɗaya da burushin roba, minti ɗaya ko biyu ka ɗauraye. Da sanyin safiya, da safar hannu da tabarau. Kuma kada asid ya kusanci bokitin kulorin ko da wasa. Haɗuwarsu na fitar da iskar da ke ƙona huhu.

Soson ƙarfe yana kashe ƙyallin tayil, ya bar tsatsa. Dutsen fumis, irin na goge kaushi, ya fi, muddin shi da tayil ɗin a jiƙe suke. Ban da tayil na gilashi. In ɓawon bai yi kauri ba, farin binega rabi da ruwa rabi ya isa.

Kuskure na biyu da ke cin kuɗi shi ne a wanke bango fes a manta da ruwan da ya haifar da ɓawon. Ba da jimawa ba zai dawo. Riƙe pH (ma'aunin tsamin ruwa) tsakanin 7.2 da 7.6, alkaliniti (ƙarfin ruwan na hana pH sauyawa) 80 zuwa 120, taurin kalsiyam (yawansa a ruwan) 200 zuwa 400, biyun ƙarshe a ma'aunin ppm, wato kashi cikin miliyan. Duba kuma kulorin ɗin gari da kake zubawa: in kalsiyam haifokulorait ne, kullum ƙara kalsiyam kake yi da hannunka. Ciko da ruwa ba ya rage shi, tunda ruwa ke tashi, kalsiyam na nan. Sai an zubar da wani kaso an sake da mai ƙarancin kalsiyam. Kada dai a kwashe duka da damina, ruwan ƙasa na iya ɗaga ginin daga ƙasa.